Telan Cikin Takarda

"Baba, ka ajiye gugar nan mana ka saurara. Malama ta ce sai wanda ake karanta wa ya natsu."

"Ai ba da hannu nake ji ba, Uwata. Karanta, kunnena yana wurinki."

Tela bai ɗago kai ba. Ya shimfiɗa wata farar riga a kan tebur, ya yayyafa mata ruwa, ya ɗora mata dutsen guga. Kayan makarantar sakandaren da 'yarsa take yi ne, yau zai kai su. Shekara da shekaru shi yake ɗinka wa ɗaliban riga da wando da siket, kuma wannan aiki shi ne yake riƙe da shagon, shagon kuma yake riƙe da gida. Sauran abin da ake kawo masa, gyaran zik ne da rage ƙugun wando, ba su isa su ɗora tukunya ba.

Yarinyar tana zaune a kan benci da jakarta a cinya. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa bai taɓa kiran ta da komai ba sai Uwata. Kullum da safe takan biyo ta shago kafin ta wuce makaranta, ta share masa, ta zura masa zare a alluran hannu, ta soke su a jikin wani ƙyalle. Yau kuwa da wasu takardu ta zo a manne da juna. Sabuwar malama aka kawo musu, ta ce 'yan ajin ba su da kalmomi, in an ce su yi rubutu sai su yi ta juya 'yan kalmomin da suka sani kamar mai riga ɗaya. Sai ta shiga bugo musu labarai, ta ja layi a ƙarƙashin kalmomi masu wuya, ta ce kowa ya je ya karanta wa wani babba a gida, ya kuma gaya masa ma'anar duk kalmar da aka ja wa layi.

Yarinyar ta gyara murya. "'A wani gari mai yawan hayaƙi an yi wani tela, mutum mai kawaici.' Baba, kawaici an ja masa layi. Ka san shi, ko in gaya maka?"

"Wanda ya zauna da Ummanki shekara ashirin ai ba a koya masa kawaici."

"Sai na gaya mata."

"Gaya mata, ita ma ta sani."

Ta yi 'yar dariya, gajera, ba irin wadda ta saba ba, ta ci gaba. Telan cikin takarda yana da mata da 'ya'ya, yana da suna a unguwa, ba ya rufe shago sai almuru. Ta tsaya ta ce almuru shi ne bayan rana ta faɗi, kafin duhu ya gama shiga. Tela ya ce ashe lokacin yana da suna, shi dai ya san lokacin sauro ne.

"'A shekarar nan ne ya jawo kekensa daga ƙuryar shago zuwa bakin ƙofa. Duk wanda ya tambaye shi dalili, sai ya ce zafi ne ya koro shi.'"

Hannun Tela ya tsaya a kan dutsen guga. Keken ɗinkinsa yana nan a bakin ƙofa, rabinsa ma a waje, inda ya jawo shi bara. Zafi ya ce wa mutane.

"'Daga nan ya daina karɓar baƙin yadi. Ya ce baƙin yadin zamani ba shi da aminci, ba zai ɓata sunansa a kansa ba. Gaskiyar magana kuwa, ya daina ganin baƙin zare a kan baƙin yadi. Ya koya wa 'ya'yansa zura zare a allura, ya ce sana'a yake koya musu. Bai gaya wa kowa ba, ko matarsa, domin ya san ranar da aka ji tela ba ya gani, ranar ce ta ƙarshe da za a miƙo masa yadi. Ya zauna cikin zulumi.' Zulumi shi ne mutum ya... Baba! Rigar!"

Sai a lokacin ya ji ƙauri. Ya fizge dutsen guga, amma aikin gama ya gama. Ko da idonsa da yake ganin komai dishi-dishi, ya ga tambarin dutsen a bayan rigar, ja kamar an gasa burodi.

"Wa ya rubuta wannan abu?" Muryar da ta fito ba tasa ba ce.

"Babu suna a jiki. Malama ce take bugo mana."

"Kowa zai karanta a gidansu?"

"Kowa, Baba. Wanda bai karanta ba shi zai yi sharar aji." Ta naɗe takardun ta cusa a jaka ba tare da ta dube shi ba. "Na makara. Sauran sai na dawo."

Ta fita da sauri. Tela ya zauna a kan bencin da ta tashi, ƙonanniyar rigar a hannunsa. Abin da ya fi shekara yana ɓoyewa, abin da ko a addu'a ba ya faɗa da ƙarfi, ga shi an buga shi a takarda, har da jan layi. Keke a bakin ƙofa. Baƙin yadi. Zaren allura. Wannan ba kame-kame ba ne, wani ne ya zauna ya ƙare masa kallo. Ya shiga lissafa gidajen 'yan ajin a zuciyarsa: gidan mai katako, gidan direban asibiti, gidan matar nan mai sayar da yadi da bakinta ba ya shiru. Duk jiya da yau ana zaune ana karanta shi.

"Tela! Me kake toyawa ne ba ka kira maƙwabta ba?"

Mai gyaran waya ne na shagon kusa, wanda kowa yake kira Injiniya, ya leƙo da ƙaramin sukudireba a bayan kunne. Ɗansa ajinsu ɗaya da Uwata.

"Riga ce ta kama," in ji Tela. "Injiniya, yaronka ya karanta maka wata takarda daga makaranta?"

"Kai, bari! Jiya da yamma. Na yi dariya har sai da cikina ya ƙulle. Wai shi mutumin a ganinsa ya ɓoye, alhali duk unguwa an sani, shi kaɗai ne bai san an sani ba. Wallahi malamar nan ba ta da dama." Wani ya ƙwala masa kira daga shagonsa, ya juya yana dariya. "Ina zuwa, sai na dawo in ƙarasa maka."

Tela ya bi shi da kallo. Mutumin da suke cin abinci a kwano ɗaya kenan. Ya ninke sauran rigunan ya jera a babbar jakar nan mai hannu biyu, ya tura keke ciki, ya sa wa shago kwaɗo.

A cikin bas ya zauna da jakar a kan gwiwa. Ta taga gari yana wucewa kamar ana kallon sa ta gilashin da ya yi raɓa. Duk wanda ya yi dariya a motar sai ya ji kamar da shi ake. Ya yi ta neman wanda ya tona shi. Mai kemis ɗin da ya sayar masa da maganin ɗigawa a ido? Ai ya ce masa na wata tsohuwa ne. Matarsa? Ita ba ta sani ba, ya tabbata. Da ta sani da gidan bai zaunu ba. Ya rasa. Abin da ya fi ci masa rai ma shi ne Uwata, yarinyar da ta zauna tana karanta asirin ubanta da bakinta, ba ta ko gane ba.

Mai gadi ya buɗe masa ƙofa ya ce sannu da kaya. Ya nufi sito, inda Mataimakin Shugaba yake karɓar ɗinki. Mataimaki mutum ne mai ƙiba da fara'a, kullum da alƙalami a baki.

"A'a, Sarkin Almakashi da kansa! Ajiye nan, ajiye nan." Ya zazzage jakar a kan tebur, ya ɗaga riga ɗaya ya duba, ya ɗaga wata. Sai ya jawo wata daga bayan kabad. "Dama ina neman ka. Dubi wannan, ta wancan karon ce. Aljihu ya karkace kamar ya sha wani abu. Wata uwa ce ta dawo da ita, ta wanke ni tas. Ga wata kuma an yi mata kalmasa da zare mai ruwan toka. Ba mu san ka da haka ba."

"Zan gyara, ranka ya daɗe."

"Ka gyara. Kayan sababbin ɗalibai suna tafe, kuma ka san masu zawarcin aikin nan suna da yawa. Shugaba ta ce in aka sake samun irin wannan, sai dai mu yi haƙuri da juna." Ya dafa kafaɗarsa yana dariya. "Ko ido ne ya fara, Tela? In tsufa ne ka faɗa, mu nemo maka tabarau irin na kakata."

Tela ya sunkuyar da kai. Ya yi yaƙe, ya karɓi rigunan biyu ya sa a jaka. Wato har nan maganar ta iso. Da ya fito sai ya tsayar da wata ɗaliba ya tambaye ta inda zai sami malamar 'yan aji biyar, mai ba da labarai. Ta nuna masa laburare.

Ɗan ƙaramin ɗaki ne a ƙarshen baranda, da kanta uku da tebur ɗaya, yana warin tsohuwar takarda. Malama tana zaune ita kaɗai da jan biro da rula, tana jan layi a wasu takardu. Ba ta wuce sa'ar ƙanwarsa ta ƙarshe ba. Ya yi sallama, ta amsa, ta miƙe.

"Sannu da zuwa, Baba. Kai ne telanmu, ko? Baban..."

"Ni ne." Bai zauna ba. Ya yi niyyar yin faɗa tun a mota, amma bai iya faɗa ba, bai taɓa iyawa ba. Abin da ya fito kawai shi ne, "Malama, me na yi miki?"

"Ni kuma? Baba, lafiya?"

"In aikina ne bai yi muku ba, ai sai a kira ni a gaya mini. Ni ba yaro ba ne. Amma a zauna a rubuta ni, a buga, a raba gida-gida? Har a ba 'yata ta karanta mini da bakinta?"

Malama ta ajiye rular. "Wallahi ban gane ba. Wa aka rubuta?"

"Telan da ya jawo kekensa bakin ƙofa. Wanda ya daina karɓar baƙin yadi." "Ban san wanda ya ba ki labarina ba, kuma ba zan tambaya ba. Amma wannan abu ko matata ban gaya wa ba. Idon nan nawa ne, ni nake fama da shi, ban roƙi kowa komai ba. Yara huɗu nake ciyarwa da aikin makarantar nan. Yanzu ga Mataimaki yana yi mini ba'a da tabarau, ga maƙwabcina yana dariya har cikinsa ya ƙulle. Haka ake yi, Malama?"

Malama ta tsaya da baki buɗe. Ta dube shi, ta dubi takardun gabanta, ta sake duban sa. A hankali ta koma ta zauna.

"Innalillahi," ta ce can ƙasa. "Baba, don Allah zauna."

Ya zauna a bakin kujera. Ta je kanta ta ƙarshe ta ciro wani littafi mai kauri, bangonsa ya sha salatif, takardunsa sun koma ruwan ƙasa. Ta buɗe farkonsa ta miƙa masa.

"Duba shekarar da aka buga shi, ga ta nan a ƙasa."

Ya karɓa. Ya kawo shi kusa da fuska, ya nisanta shi, ya karkata shi wajen taga. Layukan suna nan kamar jerin tururuwa a cikin hazo. Malama tana kallon sa, sai ta gane abin da ta yi, ta yi sauri ta karɓe littafin.

"Yi haƙuri. Bari in gaya maka. Wanda ya rubuta labarin nan ya mutu tun ba a haifi kakanka ba. A wata ƙasa mai nisa yake, da wani harshe ya rubuta, daga baya aka juyo shi zuwa namu, shi ma an daɗe. Duk labaran da nake ba yara daga irin waɗannan tsofaffin littattafai nake kwafo su, don a nan kalmomin suke."

"To ina sunansa? Uwata ta ce babu suna."

"Ni nake cirewa. Sunan marubucin, da na gari, da na mutanen ciki. Da nakan bar su, sai na ga yaran a kan suna suke maƙalewa, su yi ta dariya, ba sa kaiwa ga kalmomin da nake so su koya. Shi kansa telan nan yana da suna, ko ni sai na yi da gaske nake iya faɗa. Sai na mai da shi tela kawai."

Tela ya matso. Ya miƙa hannu ya shafa gefen littafin. Takardar ta yi laushi kamar tsohon zane. Ba ƙarya take yi ba, hannu ma ya shaida.

"To yaya aka yi ya san maganar baƙin yadi?"

"Ban sani ba, Baba. Wataƙila ubansa tela ne."

"Da zafin ma? Har abin da na ce wa mutane?"

Ta rufe littafin ta ajiye a kan tebur.

"Injiniya fa? Ɗansa ajinku yake. Ya ce kowa ya sani sai mai abin."

"Ɗan mai gyaran waya? Nasa labarin na wani ne da ya ɓoye akuya a ɗakin haya." Ta kusa yin murmushi, ta fasa. "Mataimaki kuwa kowa ma haka yake ce masa. Ran nan ni ya ce wa in nemi tabarau."

Fanka tana juyawa a sama tana ƙara. Daga wani aji ana jin yara suna maimaita wani abu baki ɗaya. Tela ya dubi inda fuskar Malama take.

"Wato ba ki sani ba."

"Sai yanzu."

"Ni na kawo miki da ƙafata."

Ya sa hannu ya rufe bakinsa. Wata irin dariya ta so kuɓuce masa, ba ta daɗi ba, ya danne ta. Ya yi shekara yana gadin ƙofa, yau shi da kansa ya ɗauko abin ya hau mota da shi, ya kawo shi har makarantar da yake tsoro.

"Ba ni nake ba da ɗinki ba, Baba," in ji Malama, "kuma babu wanda zai ji daga bakina. Amma ka yi haƙuri da abin da zan ce. Ko na yi shiru, rigunan ba za su yi ba."

Ya gyaɗa kai. Bai ji haushi ba. Can ya ce, "Shi telan, yaya ya ƙare?"

Ta ɗauki rularta. "Ka bari ta ƙarasa maka mana."

"Gaya mini kawai."

"Ya makance. Ya yi ta ɓoyewa har ya yanka yadin wata amarya ba daidai ba, daga nan kowa ya sani." Ta yi sauri ta ƙara, "Amma a zamaninsa ne, Baba. Lokacin babu asibitin ido. Ni ba likita ba ce, ban san irin naka ba, amma ƙanwar kakata an cire mata yanar ido, yanzu ita take tsince mana tsakuwa a shinkafa."

Tela ya ɗauki jakarsa ya miƙe. Har ya kai ƙofa sai ya juyo.

"Abu ɗaya zan roƙe ki. Sauran takardun telan nan da kika raba, a karɓo su. Ko ba ni ba ne, mutanen unguwa ba za su tsaya tambayar shekara ba."

"Babu sauran. Guda ɗaya ce. Kowane yaro da nasa labarin, don in sun dawo su yi musayar kalmomi."

"Guda ɗaya? To duk cikin yaran nan me ya sa kika ba 'yar tela labarin tela?"

"Ban ba ta ba." Malama ta faɗa a hankali, kamar ita ma yanzu take jin maganar. "A kan teburin nan nake zuba su, kowa ya zaɓa. Yawancinsu wanda ya fi gajarta suke nema. Ita kuwa nan ta zauna, aka tashi tara ba ta fita ba, tana bin su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ma wata ce ta riga ta ɗauka. Sai da 'yarka ta roƙe ta, ta ba ta nata, ta kuma karɓar mata shara. Har na yaba mata a gaban aji, na ce ga mai son karatu."

Tela ya riƙe ƙyauren ƙofa. Can ya sake shi. Ya fita.

Bai koma shago ba. Ya sami wani dakali a jikin katangar makaranta, ta waje, ya zauna. Mai gadi ya kawo masa ruwa a kofi, ya sha bai san ya sha ba. Rana ta hau, inuwar katangar ta janye ta bar shi, bai matsa ba. Yana ta jin muryarta da safe, yadda ba ta yi tuntuɓe ko a kalma ɗaya ba, ita da takan yi in karatu sabo ne. Ashe ta bi shi ta sake bi. Ashe wadda ya yi ta tausaya wa don ba ta gane ba, ta riga shi ganewa.

Da aka kaɗa ƙararrawar tashi sai ƙofa ta buɗe, yara suka kwararo. Farar riga, farar riga, farar riga. Babu wadda ba ta bi ta ƙarƙashin allurarsa ba. Ya miƙe yana duban fuskoki, fuskokin kuwa duk ɗaya ne, duhu-duhu a saman fari. Ya ɗinka wa ɗaruruwan yara sutura, ga shi ya kasa tsamo tasa a cikinsu.

"Baba?"

A gefensa take. Bai san lokacin da ta zo ba.

"Na kawo kaya ne," ya ce, "na ga lokaci ya yi, na ce bari in jira ki."

"To." Ba ta tambaye shi wa ya bar wa shago ba.

Suka taka tare zuwa bakin titi. Ƙawayenta suna kiran ta, ta ɗaga musu hannu kawai. Motoci suna ta wucewa, masu sayar da ruwa suna kutsawa tsakaninsu. Ya so ya ce mata ya ga Malama. Ya so ya tambaye ta tun yaushe. Duk kalmomin da ya sani suka yi masa kaɗan.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Asibitin idon nan da ake faɗa. Wani abokina ne yake tambaya. Ko kin san motar da take zuwa can?"

"Ba a nan ake hawa ba, sai an tsallaka, a gaban gidan mai." Ta faɗa tana kallon titi, da irin muryar da take ba da ma'anar kalma. "Kuma ba a zuwa da rana, da sassafe ake yankar kati. Sun ce a zo da ɗan rakiya, don in sun ɗiga magani mutum ba ya gani sosai sai yamma. Kuma kada a zo ranar Laraba, ranar tiyata ce, ba sa ganin sababbi."

Ya juyo gaba ɗaya ya dube ta. "Su wa suka ce?"

"Matar da take tagar kati."

"Ke kika je?"

"Ni da Umma." Ta gyara igiyar jakarta. "Ta ce ita za ta raka... abokin naka. Ni ina da makaranta."

"Ummanki," ya ce. Ya sake cewa, "Ummanki." Wani mai babur ya yi musu hon, ya kauce musu ya wuce yana mita. Tela bai ji shi ba.

Yarinyar ta miƙa hannu ta kama hannu ɗaya na babbar jakar, ta bar masa ɗayan. Babu komai a ciki sai riguna biyu, ko ƙaramin yaro zai ɗauke ta da yatsa.

"Bari in kama maka, Baba, ta yi nauyi."

Ya dubi jakar, ya dubi titin da motoci suke ta giftawa kamar inuwa.

"Ta yi nauyi kam," ya ce. "Gobe wace rana ce?"

"Talata."

Ta jira wata babbar mota ta wuce, sannan ta ɗan ja jakar. Ya bi ta suka tsallaka.